NAZARI: Daga Filin Faretin Afaka Zuwa Bakin Daga: Wace Irin Biyayya Ake Koya Wa Hafsoshin Gobe?

Duk shekara, idan damina ta fara ja da baya, ɗaruruwan matasa kan yi faretin kammala horo a Makarantar Horas da Hafsoshin Soja ta Najeriya, wato NDA, da ke Afaka a ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna. A ranar ake liƙa wa kowannensu anini a kafaɗa, iyaye su yi ta murna, a ɗauki hotuna, a watse. Ba da daɗewa ba za a damƙa wa wannan sabon hafsa sojoji kimanin talatin. Wasu daga cikinsu sun girme shi da shekara goma ko fiye, wasu kuma sun sha gumurzu a dajin Sambisa da yankin Tafkin Chadi tun yana sakandare. Daga ranar, ransu yana hannunsa, nasa ma yana hannunsu.

Yadda zai riƙe su kuwa ya dogara ƙwarai a kan yadda aka riƙe shi a shekarun da ya yi yana ɗalibi, da kuma yadda aka bar shi ya riƙe ƙannensa. Wannan ne ya sa dangantakar na gaba da na baya a makarantun soja ta wuce harkar cikin bariki. Batu ne da ya shafi manomin da ake tsayarwa a shingen bincike, da kurtun da aka tura Malam Fatori, har ma da ɗorewar mulkin farar hula.

A farkon watan Oktoban 2025, Hedikwatar Tsaro ta sanar da cewa tana tsare da hafsoshi 16 bisa rashin ɗa'a da saɓa ƙa'idojin aiki. Sanarwar ta ce ƙorafinsu yana da nasaba da tsayawar ci gabansu sakamakon faɗuwa jarrabawar ƙarin girma a kai a kai. Daga baya aka danganta lamarin da zargin yunƙurin juyin mulki. Ko yaya shari'arsu ta kaya, labarin ya sake taso da tsohuwar tambaya: me ke riƙe ƙaramin hafsa a ƙarƙashin babba, kuma a ina ake ƙulla wannan igiya?

Makarantar da ɗalibi ke mulkin ɗalibi

An buɗe NDA a watan Fabrairun 1964, ta karɓi aikin horas da hafsoshi daga Kwalejin Horas da Sojoji ta Najeriya, NMTC. Kwamandanta na farko, Birgediya M.R. Varma, ɗan Indiya ne, kuma malaman da suka aza harsashinta daga can suka zo. Su ma Indiyawan daga Ingila suka gaji tsarin. A 1985 makarantar ta fara ba da digiri, a 2011 kuma ta fara ɗaukar mata a babban kwas ɗinta. Ɗalibin sojan ƙasa yakan yi shekara biyar: huɗu na karatun digiri haɗe da horon soja, ta ƙarshe kuma ta aikin soja zalla.

An rarraba ɗaliban cikin bataliyoyi huɗu: Mogadishu, Dalet, Abyssinia da Burma, sunayen wuraren da sojojin ƙasar nan suka fafata a Yaƙin Duniya na Biyu. Kowace bataliya tana da hafsoshi da ke kula da ita, amma harkokin yau da kullum, tun daga tashin asuba har zuwa kashe fitila, manyan ɗalibai ne ke tafiyar da su. Ana ba su muƙamai, ana ba su ikon duba ɗaki da tufafi da takalmi, da ikon hukunta wanda ya yi sakaci. Ɗan shekarar farko yana ƙarƙashin kowa, ɗan shekarar ƙarshe kuma kusan sarki ne.

Hikimar wannan tsari a fili take. Ba a koyon shugabanci daga littafi kaɗai, kamar yadda ba a koyon iyo a tudu. Wanda zai ba da umarni gobe dole ya ɗanɗani nauyin umarni a yau, ya kuma gwada bayar da shi a wurin da kuskurensa ba zai ci rai ba. Akwai ma wani darasi mai zurfi a filin fareti, inda saje ko samanja ke yi wa ɗalibi tsawa, alhali duka biyun sun san cewa nan da 'yan shekaru sajen ne zai sara wa ɗalibin. Ɗalibin da ya fahimci wannan zai fita da sanin cewa anini ba ya maye gurbin gogewa.

Haɗarin tsarin ma a fili yake. An ɗauki matashin da bai daɗe da fita daga ƙuruciya ba, an ba shi iko kusan marar iyaka a kan na ƙasa da shi, a sa'o'in da idon malamai ya yi nisa. Shi kansa an gasa masa aya a hannu bara, kuma al'ada ta nuna masa cewa bana nasa lokacin ne. Tsakanin gwale-gwalen da ke gina juriya da wanda ke huce haushi akwai tazara siririya, kuma ba kowane ɗan shekara ashirin da biyu ne ke iya ganinta ba.

Abin da ya fito fili

Makarantun soja a ko'ina cikin duniya rufaffun wurare ne, abin da ke gudana a ciki ba safai yake fitowa ba. Amma abubuwa biyu da suka fito daga NDA cikin shekarun baya sun isa a yi tunani a kansu.

A watan Afrilun 2015, wani ɗalibi ɗan shekara 19 ya nitse a madatsar ruwa ta Kangimi yayin atisayen ruwa. Mahaifinsa, wanda shi ma tsohon hafsan sojan sama ne, ya ce yaron bai iya iyo ba kuma ba a tanadi matakan kariya ba. Da ya rasa gamsasshen bayani a gida, sai ya garzaya Kotun ECOWAS. A 2017 kotun ta ɗora wa Najeriya alhaki, ta umarci a biya diyyar dala 75,000 tare da gudanar da bincike. Abin lura a nan shi ne, mutumin da ya san lungu da saƙon aikin soja ma sai da ya fita wajen tsarin kafin a saurare shi. Ina ga ɗan talakan da ubansa manomi ne a Gwarzo ko Illela?

A farkon 2016 kuma wani bidiyo ya karaɗe intanet, inda aka ga wasu ɗaliban makarantar cikin kaki suna dukan wani farar hula, wai don ya yaba kyawun ɗaya daga cikinsu. Hukumar makarantar ta ce za ta yi bincike. Duk wanda ya kalli bidiyon zai lura da wani abu: irin tsawar, da irin umarnin, da irin wulaƙancin, ba a ranar suka ƙirƙiro su ba. Sun yi wa mutumin ne abin da suka san ana yi wa wanda ba shi da ikon ramawa. Haka tsallen kwaɗo da birgima cikin taɓo suka baro bariki suka zama hukuncin direba da ɗan acaɓa a shingayen hanya.

Darasin 1966

Tarihin rundunar sojan Najeriya ya nuna illar biyayya ta fuska biyu, kuma duka biyun a shekara ɗaya suka bayyana.

A daren 15 ga Janairun 1966, Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu, babban malami a NMTC, ya fita da sojoji da sunan wani atisayen dare da aka laƙaba wa suna Damisa. Da dama daga cikin waɗanda suka bi shi ba su san inda aka dosa ba sai da suka tsinci kansu a ƙofar gidan Firimiyan Arewa, Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Malaminsu ne ya ce su taho, suka taho. A Legas kuma, a wannan daren, Birgediya Zakariya Maimalari ya gamu da ajalinsa a hannun Manjo Emmanuel Ifeajuna, wanda ke aiki kai tsaye a ƙarƙashinsa. A Kaduna biyayyar makanta ce ta yi ɓarna, a Legas kuma cin amanar na gaba.

Wata shida bayan haka, a juyin mulkin ramuwar gayya na ƙarshen Yuli, Birgediya Babafemi Ogundipe, wanda shi ne mafi girman muƙami bayan Janar Aguiyi-Ironsi, ya ba wani saje umarni, sajen ya ƙi bi, ya nuna cewa sai abin da kyaftin ɗinsa ya ce. Daga nan Ogundipe ya gane cewa muƙaminsa ya zama hoto, ya bar ƙasar. Sajen bai daina biyayya ba. Ya dai zaɓi wanda zai yi wa ita ne, ya kuma zaɓi wanda ya sani, ya yarda da shi.

Zumuncin 'yan kwas ɗaya, wanda makarantar soja ke ƙullawa da gangan ta hanyar wahalar da ake sha tare, shi ma takobi ne mai kaifi biyu. Yana sa mutum ya koma cikin wuta don ɗauko abokinsa. Yana kuma iya zama hanyar rufa wa juna asiri, ko ta ƙulla makirci. Ba ya ma hana komai idan mulki ya shiga tsakani: Ibrahim Babangida da Mamman Vatsa tare suka yi makaranta a Bida, tare suka shiga soja, amma a watan Maris na 1986 gwamnatin Babangida ce ta harbe Vatsa bisa zargin yunƙurin juyin mulki.

Inda ake girbe abin da aka shuka

Yaƙin Boko Haram ya zama ma'aunin da ya fi kowane fito da wannan gaskiya. A watan Mayun 2014, a barikin Maimalari da ke Maiduguri, sojoji suka buɗe wa motar kwamandan Runduna ta 7, Manjo Janar Ahmadu Mohammed, wuta bayan an kawo gawarwakin 'yan uwansu da aka yi wa kwanton ɓauna. Janar ɗin ya tsira. A watan Satumba kotun soja ta yanke wa sojoji 12 hukuncin kisa, a Disamba kuma ta yanke wa wasu 54 irin wannan hukunci bisa ƙin fita fagen daga. Lauyansu, Femi Falana, ya dage cewa laifinsu bai wuce neman makaman da za su yi yaƙin da su ba.

Abin da ya biyo baya ya ba ƙorafin nasu nauyi. A watan Yulin 2015, tsohon Babban Hafsan Tsaro, Alex Badeh, ya faɗa a jawabinsa na ban kwana cewa ya jagoranci rundunar da ba ta da isassun kayan aiki. Binciken kuɗin makamai da gwamnatin Muhammadu Buhari ta ƙaddamar ya kai ga tuhumar karkatar da dala biliyan 2.1. A Disamban 2015 aka sassauta hukuncin sojoji 66 zuwa ɗaurin shekara goma. A watan Agustan 2018 ma wasu sojoji sun yi ta harbi a iska a filin jirgin saman Maiduguri don ƙin amincewa da tura su Marte.

Babu rundunar da za ta lamunci bore, kuma babu mai hankalin da zai ce a lamunta. Amma bore ba ya faɗowa daga sama. Kafin soja ya juya bindiga ga kwamandansa, ya daɗe yana magana ba a ji ba, ko kuma ya daɗe da sanin cewa maganar ba ta da amfani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A wannan fagen dagar ne kuma aka ga ɗaya fuskar. Laftanar Kanal Muhammad Abu Ali, wanda ya taka babbar rawa wajen ƙwato Baga a 2015, ya yi suna da shiga gaba da tankarsa. Da aka kashe shi a Malam Fatori a watan Nuwamban 2016, alhinin da ƙananan sojoji suka nuna ba na umarni ba ne. Laftanar Kanal Ibrahim Sakaba ya kwanta dama tare da dakarunsa a Metele a 2018. Kanal Dahiru Bako ya rasu sakamakon kwanton ɓauna a yankin Damboa a 2020, Birgediya Janar Dzarma Zirkusu kuma a Askira Uba a 2021. Rundunar da ta samar da waɗannan mutane ita ce dai ta samar da waɗanda sojojinsu suka yi wa bore. Bambancin yana ga abin da kowanne ya ɗauka shugabanci yake nufi.

Maƙwabta ma sun ba da darasi. A Burkina Faso, harin Inata na Nuwamban 2021, inda aka kashe jandarmomi da dama da suka shafe kwanaki ba a kai masu abinci ba, ya zubar da sauran yardar da ƙananan jami'ai ke yi wa manyansu. A Janairun 2022 Laftanar Kanal Paul-Henri Damiba ya kifar da gwamnatin farar hula, wata takwas bayan haka Kyaftin Ibrahim Traoré, mai shekara 34, ya kifar da Damiba.

Hujjar masu cewa a bar tsarin yadda yake

Tsofaffin hafsoshi da yawa suna ganin duk wannan surutun farar hula ne da ba su san zafin harsashi ba. A ganinsu, wanda ba zai iya jure tsawar babban ɗalibi da tsayuwar dare ba, ta yaya zai jure ruwan harsasai a Timbuktu ko dajin Rugu? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ji su, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. A bi umarni tukuna, ƙorafi daga baya: wannan ƙa'ida ce da ta ceci rayuka, domin a tsakiyar musayar wuta ba a kiran taron shawara.

Akwai gaskiya mai yawa a cikin wannan. Horon soja dole ya yi tsanani. Yunwa, rashin barci, tafiyar ƙasa da kaya a baya, yanke shawara cikin gajiya, duk suna cikin abin da ake buƙata. Sai dai tsanani daban, wulaƙanci daban. Tsanani yana da manufa, yana da ma'auni, akwai malami da likita a kusa, kuma wanda ya ba da shi a shirye yake ya yi shi tare da wanda ya ba. Wulaƙanci kuwa a ɓoye ake yin sa, kuma abin da yake koyarwa guda ɗaya ne: mai iko yana yin abin da ya ga dama. Shi ma iccen da ake tanƙwarawa, idan aka matsa masa fiye da kima karyewa yake yi.

Manyan makarantun soja na duniya sun bi ta wannan muhawara. A West Point ta Amurka, tun a 1879 shugabanta Janar John Schofield ya gargaɗi ɗalibai cewa muguntar shugaba ta fi kusa da rusa runduna fiye da gina ta, kuma har yau ɗalibai na haddace wannan jawabi. Duk da haka sai da mutuwar wani tsohon ɗalibi a 1900 ta sa majalisar dokokin ƙasar ta yi bincike, inda Douglas MacArthur, yana ɗalibi a lokacin, ya ba da shaida. A 1990 makarantar ta sauya tsohon tsarinta na danne 'yan shekarar farko da wani sabo, wanda ke auna babban ɗalibi da irin ci gaban da ƙaninsa ya samu a hannunsa. Sandhurst ta Ingila, wadda takenta ke nufin a yi hidima kafin a shugabanta, ta sha suka bayan mutuwar wata ɗaliba mai shekara 21 a 2019, binciken da aka yi a 2023 ya nuna an yi sakaci da damarmakin ceto ta. A Filifins, mutuwar wani ɗalibi sakamakon dukan manyansa a Satumban 2019 ta sa shugaban makarantar sojan ƙasar ya ajiye muƙaminsa, aka gurfanar da ɗaliban da ake zargi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan rundunoni da ta yi rauni saboda ta tsaya ta duba kanta.

Giɓin da ke cikin doka

A rubuce, dokokin Najeriya ba su bar na ƙasa a banza ba. Dokar Rundunonin Soja ta haramta wa na gaba duka ko cin zarafin na ƙasa da shi, ta kuma ba kowane soja damar kai ƙara idan an zalunce shi. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta fayyace cewa umarnin na gaba ba ya zama hujjar azabtar da kowa. Umarnin da doka ta wajabta bi shi ne halastaccen umarni.

Matsalar tana ga hanyar da ƙorafin ke bi. Yana hawa ne ta kan tsanin muƙamai, wato sau da yawa ta hannun wanda ake ƙara, ko abokinsa, ko ɗan kwas ɗinsa. Ga ɗalibin da ke tsoron kora bayan iyayensa sun ɗora masa dukkan fatansu, da kuma tsoron tambarin ɗan tsegumi da zai bi shi har ya yi ritaya, shiru ya fi sauƙi. Wannan shirun yake ɗauka ya tafi da shi bataliya, shi kuma yake tsammani daga sojojinsa. Shi ya sa a 'yan shekarun nan ƙorafin sojoji ke ɓullowa ta bidiyo a Facebook da TikTok, fuska a rufe, maimakon ta teburin kwamanda.

Wasu ƙasashe sun buɗe wata ƙofar ta daban. Jamus, bayan abin da biyayyar makanta ta jawo mata a zamanin Hitler, ta kafa ofishin kwamishinan majalisa mai kula da sojoji, wanda ya fara aiki a 1959. Kowane soja yana da ikon rubuta masa kai tsaye ba tare da bi ta kan kwamandansa ba, kuma ba a hukunta shi a kan hakan. Afirka ta Kudu ta kafa makamancin wannan ofishi a 2012.

Abin da ya kamata a yi

Gyaran ba ya buƙatar rusa al'adun makarantar. Da farko, a rubuta iyakar hukuncin da babban ɗalibi zai iya yankewa, a sanar da kowa tun ranar shiga, a kuma tabbatar da cewa hafsoshin bataliya suna zagayawa a sa'o'in da ba a tsammaninsu. Na biyu, a sa lafiya da ci gaban ƙanne su zama ma'aunin da ake ba babba maki da shi, ta yadda takobin girmamawa ba zai je hannun wanda ya yi fice a fareti amma ƙannensa ke gudun inuwarsa ba. Na uku, duk mutuwa ko mummunan rauni a lokacin horo a yi masa bincike mai zaman kansa, a ba iyaye rahoton, a kuma gabatar da alƙaluman shekara ga kwamitocin tsaro na Majalisar Dattawa da ta Wakilai, waɗanda su ke amincewa da kasafin makarantar. Na huɗu, Majalisar Tarayya ta duba kafa ofishin sauraren koken sojoji da ke wajen tsanin muƙamai. Na biyar, a koya wa ɗalibi, da misalai daga tarihinmu irin su atisayen Damisa, yadda ake gane haramtaccen umarni da yadda ake ƙin sa cikin ladabi.

Hausawa na cewa bin na gaba bin Allah, amma sun kuma san cewa shugabanci amana ne da za a tambayi mai shi. Ana koya wa ɗalibin soja rabin farko tun daren da ya shiga Afaka. Rabin na biyu, wato ya tabbatar sojansa ya ci kafin ya ci, ya san sunan matarsa da 'ya'yansa, ya bi masa haƙƙin alawus ɗinsa, ya kuma faɗa wa na sama gaskiya idan harsashi ya ƙare, shi ne ke yanke hukuncin ko mutum talatin za su bi shi cikin duhu. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba, kuma ƙasar da ke tura 'ya'yanta yaƙi a Borno da Zamfara da Neja da Katsina lokaci guda tana da haƙƙin tambayar irin hafsoshin da ake ƙera mata.